Ni Ce Ke Riƙe da Jadawali, Amma Ni Nake Roƙon Su Zo Aiki

Anti, barka da aiki. Ni 'yar Zariya ce, ina digiri na biyu a fannin gudanar da harkar wasanni a wata jami'a da ke tsakiyar Amurka. Jami'ar ta ɗauke min kuɗin makaranta tana kuma ba ni alawus, ni kuma ina yi mata aiki a sashen wasanni. An damƙa min ɗalibai 34 masu aikin ranar wasa: duba tikiti, nuna wa 'yan kallo kujera, shirya fili, goge gumi a filin ƙwallon kwando, ɗauko ƙwallo. Duk ranar Lahadi nakan saka wasannin mako a dandalin hirarmu na GroupMe in ce wa zai iya. Ƙwallon Amurka ta ranar Asabar har rububi ake yi, amma ƙwallon raga ta mata ranar Laraba sai na bi su ɗaya bayan ɗaya ina magiya. Makon jiya mutum tara suka amsa, huɗu suka zo. Mutum huɗun nan su ne dai kullum. Ɗaya daga cikinsu yaro ne ɗan zangon Kumasi, yana jin Hausa, Yaya yake ce min, kuma yana cikin matsin kuɗi. Sau biyu ya haura awa 20 a mako, ya roƙe ni in rubuta 20 in tura ragowar zuwa mako na gaba, na kuwa yi masa. Sauran ina jin nauyin yi musu faɗa, kada su ce baƙuwa ta zo tana musu iko. Ogana ya ce in san yadda zan yi. Ga Nuwamba ta ƙarato, ni kuma sai sha biyun dare nake barin filin wasa, karatuna ya fara taɓuwa. Ina mafita?

Ƙanwarki a Amurka

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Zan fara da abin da kika saka a tsakiyar wasiƙarki kamar ƙaramin zance, domin shi ne babba. Mutum biyar da suka ƙi zuwa ƙwallon raga sun ɓata miki dare ɗaya. Awowin da kike ɗagawa yaron Kumasi suna iya raba shi da karatunsa gaba ɗaya, ke ma su taɓa naki.

Ɗalibin da ya shiga Amurka da bizar karatu ta F-1 an yarda ya yi aiki a cikin jami'a, amma kada ya wuce awa 20 a mako muddin ana cikin zangon karatu. Awa 20 ɗin nan ta haɗa duk aikin da yake yi a harabar makaranta, wato idan yana wanke-wanke a ɗakin cin abinci na awa takwas, saura goma sha biyu kawai yake da su a wajenki. Kuma kowane mako da kansa ake lissafa shi. Ba a cewa wannan makon ya yi 26, wancan ya yi 14, an tashi 20. Abin da ake dubawa shi ne ranar da ya yi aikin, ba ranar da aka rubuta ba. Saboda haka abin da kika yi bai goge laifin farko ba, sai ma ya ɗora na biyu a kai, domin takardar awowi takardar biyan albashi ce, kuma sa hannunki ne a ƙasanta. Na san zuciya ɗaya kika yi. Mutum yana can uwa duniya ya ji an ce masa Yaya da Hausa, dole ransa ya yi laushi. Amma ki daina daga yau, ko da zai yi fushi.

Game da sau biyun da suka wuce, kada ki taɓa takardun ki ce za ki gyara a ɓoye, kada kuma ku rubuta wa juna dogon bayani a waya. Ku nemi lauyan da ya san harkar shige da fice ku faɗa masa gaskiya ɗalla-ɗalla. Jami'o'i da yawa suna da ofishin lauya na ɗalibai da ke duba irin wannan kyauta ko a farashi mai sauƙi. Dalilin da na ce lauya tukuna shi ne, ma'aikatan ofishin ɗaliban ƙasashen waje mutanen kirki ne galibi, amma doka ta ɗora musu kai rahoton aikin da ya saɓa wa biza idan sun tabbatar da shi. Lauya ne zai gaya muku wa za a fara sanarwa, da kuma yadda za a gyara takardun ta hanyar da ta dace. Ba ina ce miki ki binne maganar ba ne. Cewa nake yi a bi ta da wanda ya san hanya.

Kuma akwai yadda za ki taimaki yaron ba tare da kin jefa shi rami ba. A lokacin hutun da makaranta ta ayyana, kamar hutun hunturu na Disamba zuwa Janairu, ɗalibin F-1 da zai dawo karatu a zango na gaba yana iya yin cikakken aiki. Lokacin ne kuwa 'yan ƙasa suke watsewa gidajen iyayensu, alhali ƙwallon kwando ba ta hutu. Ke kina neman hannu, shi yana neman awa, to ga inda buƙatunku suka haɗu. Sai dai ki tambayi ofishin ɗaukar ɗalibai aiki, domin wasu jami'o'in suna da tasu iyakar ko a hutu, kuma ki tambaya musamman a kan makon Thanksgiving, bikin godiya da Amurkawa ke yi a ƙarshen Nuwamba, kada ki ɗauka da kanki cewa hutu ne. Hanya ta biyu ita ce ƙarin matsayi. Idan ya cancanta, a naɗa shi jagoran rukuni a ƙara masa wani abu a kan kowace awa. Kuɗinsa ya ƙaru, awarsa tana nan inda doka ta ajiye ta.

Yanzu mu koma kan jadawalin. Abin da kike yi ranar Lahadi ba jadawali ba ne, kiran gayya ne. A gayya wanda ya ga dama ya zo da fartanyarsa, wanda bai zo ba ba a bin sa bashi, mai gona kuma godiya ce tasa. Waɗannan yaran kuwa ɗaukarsu aka yi aiki ana biyansu. Duk ranar da kika rubuta "wa zai iya?", kin gaya musu da bakinki cewa zuwa ganin dama ne. Kada ki ga laifinsu da yawa. Ɗan shekara goma sha tara da aka ba zaɓi tsakanin cikakken fili ranar Asabar da zauren da bai cika rabi ba daren Laraba, kin san inda zai nufa.

Abin da ya sauƙaƙa miki shi ne, a harkar nan kusan komai sananne ne tun da wuri. Ranakun ƙwallon Amurka an san su tun kafin a buɗe makaranta, wasan gida shida ne ko bakwai a kaka ɗaya ga manyan jami'o'i. Na ƙwallon raga da ƙwallon ƙafa suna nan a rubuce. Ƙwallon kwando tana farawa farkon Nuwamba, shi ya sa watan yake da wuya, domin wasannin kaka ba su ƙare ba na hunturu sun shigo, ga Thanksgiving a Alhamis ta huɗu, ga jarrabawa na jira a Disamba. Abu ɗaya da ke zuwa a makare shi ne lokacin take wasan ƙwallon Amurka a manyan rukunoni, saboda gidajen talabijin kan sanar da shi saura kwana 12, wani lokaci ma saura shida. Wannan ba matsala ba ce idan kin riga kin gaya wa masu aikin ranar cewa yinin Asabar ɗin gaba ɗaya na aiki ne har a ji lokaci. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ki kira taro na dole a wannan makon, kuma a biya su kuɗin zaman, domin taron aiki aiki ne. Kowa ya zo da jadawalin laccarsa da ranakun jarrabawarsa da duk wani aikin da yake yi a makaranta. Ki ajiye waɗannan a wajenki, kada ki watsa su a dandalin hira, domin bayanan karatun ɗalibi abu ne da dokar FERPA ta 1974 ta kare. Sannan ki kafa dukkan wasannin da suka rage har ƙarshen zango a allo, a yi zaɓe bi da bi. Ga inda dabarar take: kada ki bar wasa mai daɗi ya tafi shi kaɗai. Duk mai son Asabar ta ƙwallon Amurka, ko babban wasan kwando na maza, sai ya haɗa da wasa biyu na tsakiyar mako. Wanda ya zaɓa farko a zagayen nan shi ne na ƙarshe a zagaye na gaba. Waɗanda suka yi ta zuwa a baya, wato mutum huɗunki, su fara zaɓa, kuma ki faɗi dalili a gaban kowa.

Ki tsaya ki kalli daren Larabar nan da kyau, domin ina zargin su kansu yaran ba su san abin da rashinsu yake jawowa ba. Kafin 'yan wasa su fito motsa jiki, sai an kafa sanduna an ja raga ta kai mita 2.24, tsayin da ake sa wa mata, alƙalin wasa ya zo da ma'auninsa ya gwada tsakiya da gefe. Sai an jera kujerun benci, an kawo ruwa da tawul, an gwada allon maki da lasifika. Da an fara, ana son masu tsayawa a kusurwoyi suna mirgina ƙwallo don mai bugun farko kada ta tsaya jira, da mai tawul da zai ruga ya goge inda 'yar wasa ta faɗi kafin wata ta zame a kan gumin ta karya ƙafa. Mutum huɗu ba za su yi wannan su kuma tsare ƙofa ba. Ki kai su zauren ki nuna musu kowane gurbi, ki ce wannan na wane ne. Wanda ya san cewa kusurwar hagu tasa ce, kuma babu kowa a wurin idan bai zo ba, ya fi jin nauyin fashi a kan wanda aka ce masa kawai ana neman mutum tara.

Akwai kuma abin da ogan naki zai ji da kunnen basira. Tun 1972 dokar Title IX ta hana nuna bambancin jinsi a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya, kuma a wasanni ana duba har da irin kulawar da ƙungiyoyin mata suke samu idan aka kwatanta da na maza. Sashen da kullum wasan maza ke cike da ma'aikata, na mata kuwa ana ta faci, ba zai so a yi masa wannan tambayar ba. Ba barazana za ki yi da ita ba. Ki ambata kawai, zai gane.

Bayan an raba, sai doka ɗaya da za ki riƙe da haƙori: sunan da ke kan aiki shi ke da aikin har sai wani ya karɓa kuma ke kin amince. Rubuta "ba zan samu zuwa ba, wa zai karɓa?" a dandali bai sauke wa kowa nauyi ba. A nemi musanya saura kwana biyu aƙalla. Amincewarki ba don nuna iko ba ce, don ke kaɗai kike ganin awowin kowa. Manhajoji irin su When I Work ko Sling suna yin wannan cikin sauƙi, amma ki fara tambaya ko sashenku yana da wadda ya riga ya biya. Idan babu, shafin lissafi ɗaya da kowa ke iya gani ya isa. A jikin kowane aiki ki rubuta lokacin isowa, ba lokacin take wasa ba, da sunan ƙofar da za a haɗu, da kayan da za a sa.

Lokacin tashi kuma kada ki yi wa kanki ƙarya a kansa. Ƙwallon raga tana iya ƙarewa a zagaye uku, tana iya kaiwa biyar. Ƙwallon kwando idan aka yi kunnen doki ana ƙara minti biyar, a sake ƙarawa idan ba a rabu ba. Wasan fili kuwa da an ga walƙiya kusa za a dakatar, a jira minti 30, kuma duk sabuwar walƙiya sai a sake lissafi daga farko. Saboda haka duk ɗalibin da ke kan biza, ki tsayar da shi a awa 16 ko 17 a takarda, ragowar ta zama ta ko-ta-kwana. Ki kuma san ranar da makon albashi yake farawa a jami'arku, domin ba lallai ya zama Litinin ba.

'Yan ƙasa ma suna da nasu lissafin. Wasu daga cikin yaranki suna ƙarƙashin shirin Federal Work-Study ne, wanda aka kafa a 1964 don ɗalibai masu ƙaramin ƙarfi, inda gwamnatin tarayya kan biya har kashi 75 cikin ɗari na ladan. Kowannensu yana da adadin kuɗin da aka ware masa. A misali, wanda aka ware wa dala 3,000 a shekara yana karɓar dala 12 a awa, awa 250 ke nan, kusan takwas a mako idan aka raba a makonni 30. Idan kika ƙone masa su kafin Janairu, ko dai sashenku ya ci gaba da biya daga aljihunsa ko yaron ya zauna. Kuma ba a sa su aiki a lokacin da suke da lacca. Ki karɓi jerin sunayensu da ragowar kuɗin kowa daga ofishin da ke kula da shirin.

Sai maganar jin nauyi. Ƙanwata, tarbiyyarmu ta koya mana hannunka mai sanda, mu ɗaure fuska mu yi shiru mu jira mutum ya gane. A can ba ya aiki. Yaron da kika share ba zai ce Yaya ta yi fushi ba, zai ɗauka ba komai. Kuma ba sa jin haushin magana kai tsaye in dai an yi ta a keɓe, ba tsawa, ba gori. Abin da suke ƙi shi ne a hukunta wani a ƙyale wani. Ki kira kowane ɗaya cikin biyar ɗin nan shi kaɗai, ki ce: "Sunanka yana kan aikin Laraba, ba ka zo ba, ba ka kuma sanar ba. Me ya faru?" Sai ki yi shiru ki saurara. Wani zai ce rashin lafiya, wani rasuwa, wani jarrabawa aka matso da ita. Waɗannan uzuri ne, ki karɓa, ki nuna masa yadda zai sanar a gaba. Wanda ya ce mantawa ya yi, ki ce wannan gargaɗin baki ne, na biyu a rubuce, na uku za a cire shi daga jadawali, sannan ki aika masa gajeren imel da ke maimaita abin da kuka faɗa. Kafin ki furta matakan nan ki duba littafin ƙa'idojin ɗaukar ɗalibai aiki na jami'arku, ki kuma sa ogan ya amince da su a rubuce, don kada ranar da kika cire ɗan wani ya zagaya ta bayanki a dawo da shi. Harshenki kuma ba abin kunya ba ne. Suna da malamai daga Indiya da Sin da Najeriya, suna kuma gane su sarai idan maki ya taso.

Kada ki manta abin da ya kawo su. Mafi ƙarancin lada na tarayya yana nan a dala 7.25 tun 2009, kuma ko da jami'arku ta fi haka, shagunan gari sukan biya fiye da aikin makaranta. Da yawansu sun zaɓi sashen wasanni ne don suna son shiga harkar bayan sun gama. To abin da suke so yana hannunki: zama a teburin maki, riƙe kyamara, shigar da ƙididdiga, raka baƙin ƙungiya, da wasiƙar shaida ranar neman aiki. Ki sanar cewa waɗannan guraben na masu cika alkawari ne. Ki raba su rukuni huɗu, kowanne da jagora da zai kira sunaye ya duba gurabe, don ki daina zama ke ce mai tikiti ke ce mai tawul. A taron kuma ki ja musu kunne a kan caca. Dokar NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, ta hana ma'aikatan sashen wasanni yin caca a kan wasannin jami'o'i ko ba masu caca labarin cikin gida, kuma yaron da ke goge fili yakan ga wanda ke ɗingishi kafin kowa ya sani. Ofishin bin ƙa'ida na sashenku zai turo wanda zai yi musu bayani idan kin nema.

Shi kuma oga da ya ce ki san yadda za ki yi, ki je masa da takarda ɗaya, ba da kuka ba. Ki jera wasannin Nuwamba, mutum nawa kowanne ke buƙata, awa nawa ke nan, sannan awa nawa yaranki suke da su bayan an cire lacca da iyakar biza da ragowar kuɗin tallafi. Idan akwai giɓi zai gan shi da idonsa, sai ya zaɓa: a ɗauki ƙarin mutane, ko a gayyato ƙungiyoyin ɗalibai da ke aikin ranar wasa don tara wa ƙungiyarsu kuɗi, ko a rage gurabe. Idan za a ɗauki sababbi a fara yanzu, domin cike takardar I-9 ta tabbatar da izinin yin aiki da shigar da mutum tsarin albashi yana cin kwanaki, kuma kada ki bar kowa ya fara aiki da sunan za a daidaita daga baya.

A wannan zaman ne kuma za ki faɗi naki. Ke ma a kan biza kike, kuma irin aikin da ake ba ɗaliban digiri na biyu galibi awa 20 ake lissafa shi, wato kin riga kin cike iyakarki. Ki fara rubuta lokacin shigarki da na fitarki kullum, ki nuna masa, ki ce ba ki da ikon wucewa ko kina so. Ki duba takardar ɗaukarki, za ki ga an gindaya matsakaicin makin da dole ki riƙe, sau da yawa 3.0, in ba haka ba tallafin ya tafi. Ku zauna ku fitar da wasannin da dole ki tsaya har a kashe fitila, da waɗanda jagoran rukuni zai rufe tare da wani cikakken ma'aikaci. Daren da kike da lacca washegari da safe, ki sa a cikin kashi na biyu.